Jirgin Auta Zai Canza Hanya

Alhamis, da hantsi

Na buɗe shago. Na share, na kakkaɓe yaduka, na ɗiga wa keke mai. Matar da ta ba da ɗinkin labulen falo ta zo karɓa. Ta ce tsawon ya yi daidai, sai dai ta so a ƙara tattara daga sama. Na ce to. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ashe kin fito?" Na ce aiki ne. Ta ce Allah ya bayyana. Na ce amin, na naɗe mata labulenta.

Nas ce ta ce in riƙa rubutu. 'Yata ta fari ce, aikin asibiti take yi, tun tana makaranta muke kiranta Nas har ya bi ta. Ta ce idan ba zan yi magana ba, in rubuta. To ga shi.

Shekaranjiya mutumin kamfani ya kira. Kamfanin jirgin ruwan da ɗana Auta yake aiki, irin manyan jiragen nan masu kai mutane yawon hutu a teku. Auta yana ɓangaren burodi da kek a kicin ɗinsu. Mutumin ya tambayi sunana, ya sake tambaya, sannan ya ce ko ina zaune. Ina tsaye, da almakashi a hannu. Ya ce Auta bai fito aikin asuba ba. Sun duba ɗakinsa, sun duba jirgin gaba ɗaya, sun juya da jirgin baya. Ya ce suna kan dubawa.

Na ce masa na gode. Ban san me ya sa na yi masa godiya ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ba su kira ba.

Juma'a, da safe

Maigida ya kwance firjin gida. Lafiyar firjin ƙalau. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki shi ne sana'arsa, amma tunda muka sayi namu bai taɓa sa masa sukundireba ba, yakan ce ya gaji da na mutane. Yanzu ya shimfiɗa jarida a ƙasan kicin, ya jera ƙusoshi da wayoyi da kwampreso, yana goge kowanne da tsumma. Abin da ke cikin firjin ya fara wari. Na zubar.

Falo cike da mutane. Suna shigowa da kuloli, suna zama, suna kallon ƙasa. Ba su san abin da za su ce ba, don haka kowa "ya jiki" yake ce mini, kamar ni ce ba lafiya. Yaya, wan Maigida, ya ɗauki kujerar da ke kusa da ƙofa, shi yake amsa wa kowa.

Na lura labulen falonmu ya koɗe ta gefen da rana take bugu. Ban taɓa lura ba.

Asabar, da rana

Na je ofishin tafiye-tafiye. Yana saman shagon masu gyaran waya, matakalarsa a matse, tana warin fenti.

Auta ne ya daɗe yana ce mini in je. Kamfaninsu yana yi wa iyayen ma'aikata rangwame, shi kuma ya sa a ransa sai ya ga na hau. "Mama, bana sai kin hau. Ki zauna, wani ya ja miki labule." Babansa kuwa ya ce shi ko ruwan baho bai yarda da shi ba in ya wuce idon sawu. Na yi ta cewa sai na gama aikin otal, sai na gama na makaranta. Yau na rufe shago na je.

Mai tikitin mace ce, babba, da tabarau mai sarƙa a wuya. Akwai ɗan jirgin roba a kan teburinta, an danne takardu da shi saboda fanka. Ta ce, "Hajiya, hutu ne? Ku nawa?"

Na ce biyu.

Ta ji daɗi. Ta ce mutanenmu ba su cika tambayar jirgin ruwa ba, kowa sai na sama. Ta juyo mini da kwamfuta. Ta ce farko sai mutum ya san irin jirgin da yake so. Akwai manya, gari guda, da wuraren ninkaya da hayaniyar yara, mutum sai ya yi layi kafin ya ci abinci. Akwai ƙanana, babu hayaniya, suna shiga tashoshin da manya ba sa iya shiga, amma teku tana jijjiga su. Ta ce in muna da jiri mu nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa. Ɗakuna iri uku ne: na ciki wanda babu taga ko kaɗan, mai taga wadda ba a buɗewa, da mai baranda.

Na ce faɗin tagar nawa ne.

Ta yi dariya, ta ce tunda take wannan aiki ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Na ce labule nake ɗinkawa. Ta ce ai shi ya sa.

Ta faɗi farashi, ban ji ba. Ta ba ni ɗan littafinsu mai hotuna. A bangon, wata tsohuwa da mijinta suna dariya a bakin baranda, ƙarfen barandar ya kai musu ƙirji.

Lahadi

Ba su kira ba. Na ci shinkafa kaɗan.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Mutumin kamfani ya kira. Muryarsa kamar mai karanta takarda. Ya ce hukumar da ke kula da wannan ruwan ta dakatar da nema. Ya ce "dakatarwa", bai ce ɗaya kalmar ba. Ya ce kyamarorin jirgin ba su kai kowane lungu ba. Ya ce za a turo kayansa.

Na ce ya faɗa mini wurin. Ya ce babu wuri, Hajiya, tsakanin tasha da tasha ne. Na ce to ya faɗi tashoshin. Ya faɗa, na rubuta da biro a tafin hannuna, saboda takardar da ke gabana ta awon tagogin otal ce.

Da na koma gida na faɗa wa Maigida. Yana tsugune a kicin. Ya ce, "Miƙo mini filaya."

Na miƙa masa.

Talata, da yamma

Yaya ya tara mu. Ya ce lokaci ya yi da za a sanar da mutane, a zauna a karɓi gaisuwa, don rai ya huta, mu ma mu huta. Ya yi magana mai kyau, ba zan ce bai yi ba. Ya ce, "Maman Nas, haƙuri za a yi."

Na ce, "Gaisuwar wa, Yaya?"

Ya kalli ƙanensa. Ƙanensa yana kallon hannuwansa. Nas ta tashi ta shiga ɗaki. Yaya ya ce to a ƙara jira kaɗan.

Ba don ina tsammanin wani abu na faɗi haka ba. Ba na tsammanin komai. Na dai ga ba zan iya zama a kan tabarma ina amsa "ya haƙuri" ba alhali ban ga ko yatsa ba.

Laraba, da hantsi

Na koma wurin mai tikiti. Rubutun hannuna ya goge da wanke-wanke amma na riƙe sunayen. Na ce ta nuna mini taswira. Ta buɗe, na sa yatsa a tasha ɗaya, na ja zuwa ɗayar. Tsakaninsu shuɗi ne kawai, bai kai tsawon yatsana ba.

Ta ce, "Wannan ranar teku ce. Wuni guda da kwana ba a tsayawa ko'ina. Wasu ita suka fi so, a huta, a yi barci."

Na faɗi sunan jirgin. Na ce shi nake so, kuma ta wannan hanyar.

Ta danna, ta danna, ta cire tabarau ta sake sawa. Ta ce ba zai yiwu ba. Wannan jirgin zai canza hanya ƙarshen wata, zai koma tekun arewa mai sanyi, can zai yi sauran shekarar. Wani ƙarami na kamfanin ne zai karɓi wannan hanyar. Kafin bizarmu ta fito an riga an yi canjin. Ta ce, "Sai ki zaɓa, Hajiya. Ko jirgin, ko hanyar."

Na ce babu yadda za a haɗa?

Ta ce sai baɗi, in ma sun dawo da shi.

Ta fara yabon ƙaramin, wai abincinsa ya fi, wai ma'aikatansa sun fi sakin fuska. Sai ta kalle ni ta bar yabon. Ta ce in je in yi shawara da maigida.

Laraba, bayan magariba

Ko jirgin, ko hanyar.

Alhamis

Na yi aiki. Tagogin otal, na bene na biyu. Yadin mai nauyi ne, ruwan toka, sai an sa masa shafi. Allura ta karye, na canza.

Ba su kira ba. Ba su da dalilin kira yanzu.

Asabar, da safe

Nas ta ga littafin mai hotuna a jakata, tana neman maganin ciwon kai. Ta kawo shi kicin ta riƙe da yatsu biyu.

"Mama, mene ne wannan?"

Na ce na tafiya ne.

"Hutu za ki je?"

Na ce ban sani ba tukuna, ina zaɓen jirgi.

Ta ce an ga ina hawa benen ofishin. Ta ce matar Baffanta ta kira ta tana tambaya ko kaina lafiya. "Mutane suna magana, Mama. Kin buɗe shago, ba ki yi kuka ba, kin hana a zauna, yanzu kuma wannan. Me zan ce musu?"

Na ce ta ce musu labule nake ɗinkawa.

Sai ta zauna a ƙasa tsakanin kayan firjin babanta ta fara kuka, irin kukan da take yi tana yarinya, baki buɗe, babu murya. Na tsaya ina kallo. Na ga kalmasar rigar aikinta ta warware ta baya. Na ce ta cire in kama mata kafin ta tafi. Ta cire. Na kama.

Lahadi, da rana

Nas ta faɗa wa babanta. Ya same ni a ɗaki ina ninke kaya, ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

"Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Ba da ni ba, Maman Nas. Ba zan kwanta a kan ruwan nan ana kawo mini kek a faranti ba."

Na ce to.

"To me?"

Na ce to, na ji.

Ya daɗe a tsaye. Na ci gaba da ninki. Wannan ce magana mafi tsawo da muka yi tun ranar.

Litinin

Ranar Litinin ɗin can, ana gobe mutumin kamfani zai kira, Auta ya kira ni da yamma. Ina kan tsani a gidan wasu, da ƙarfen labule a hannu biyu, wayar tana cikin jaka a ƙasa. Na ji ta. Na ce in na sauko.

Yau ma Litinin ce. Na yi awon tagogi a wani ofishi.

Laraba, bayan azahar

Wata baƙuwar lamba ta kira. Wani yaro ne, da Hausarsa tas, ya ce, "Mama, ni ne Dogo." Na san sunan. Shi ne suke ɗaki ɗaya da Auta, yana ɓangaren wanki da guga. Auta ya sha ba ni labarinsa, wai ƙafafunsa ba sa shiga gado, sai ya lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ya ce sun tsaya a tasha, ya samu layi. Ya ce an ce kada su yi magana da iyali, amma shi ya kasa.

Na ce ya aiki. Ya ce da godiya.

Ya ce akwai wani lungu a bayan jirgi, can ƙasa, inda ake ajiye igiyoyi. Fasinja ba sa zuwa. Ma'aikata ne suke fita shan iska, wasu kuma in jirgi ya matso gaɓa sukan je neman layin waya. Ya ce Auta yana son wurin. Kafin ya shiga kwaɓin asuba yakan fita can ya ɗan tsaya.

Na ce, "Yana da damuwa ne?"

Ya ce, "Mama, kowa a nan yana da damuwa. Amma ranar har ya ajiye mini burodi mai zafi a kan gado, kamar kullum. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kullum ina juya abin."

Na ce ya daina juyawa, ya ci abinci.

Ya ce labulen nan da na ɗinka wa gadon Auta, ɗan ƙarami mai ratsin kore, yana nan. An kawo sabon mutum gadon, amma bai bari an cire ba. Ya ce shugaban kicin bai ba kowa tandar Auta ba tukuna, shi da kansa yake gasawa. Ya ce kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, shi da yawancin waɗanda suka zo tare, in sun yi zagayen arewa kaɗan kowa zai kama gabansa.

Na ce masa ina tunanin zuwa. Na ce ko jirginku, ko wanda zai bi ta wurin.

Na zaci layin ya yanke. Ya ce, "In kin zo zan goge miki kaya da hannuna."

Layin ya yanke da gaske.

Alhamis, da safe

Na yanke labulen otal gajere. Duka na bene na biyu. Na karanta awon wani ɗaki na yanka na wani. Tunda na kama almakashi ban taɓa yin haka ba. Na ɗaga shi a jikin bango na ga ƙasa a buɗe, kusan taƙi guda.

Na kira manajan otal na faɗa masa. Ya fara faɗa, sai wani ya yi masa magana daga gefe, ya sassauta murya ya ce babu komai, in ɗauki lokacina. Da ya ci gaba da faɗan da na fi so.

Juma'a, da yamma

Kayan sun iso. Jaka ɗaya, an naɗe ta da leda an manna takardu. Ni ina shago. Maigida ne ya sa hannu ya karɓa.

Da na dawo na tarar ya shiga ɗakin Auta da ita ya rufe. Ban ƙwanƙwasa ba. Na dafa shayi, na sha, na wanke kofin. Da ya fito ya wuce ni ya shiga banɗaki, famfo ya daɗe yana zuba.

Na leƙa. Ya jera komai a kan gado yadda yake jera ƙusoshi. Fararen riguna na aiki. Hular kicin. Takalmin roba mai kauri. Caja. Wani ɗan ma'auni na gari. Rigar sanyi sabuwa, da takardar kanti a jiki, ya saya don arewa. Babu waya.

Na ja ƙofar.

Asabar

Ban fita ba. Ba a yi komai ba.

Litinin, da hantsi

Na faɗa wa mai tikiti. Ban yi niyya ba. Ta tambaya ko mun yanke shawara, na ce ɗana yana aiki a babban, a kicin. Ta ce madalla, ai sai a nemi rangwamen iyaye. Na ce ba ya ciki yanzu. Na nuna mata shuɗin da ke taswira.

Ta kashe fanka. Ta tashi ta rufe ƙofar ofis, ta dawo ta zauna. Ba ta ce ya haƙuri ba. Ta ce, "Bari in faɗa miki abin da na sani, ki yi yadda kika ga dama da shi."

Ta ce ta taɓa bin wannan hanyar, kamfani ya kai su su gani don su iya sayarwa. Ta ce ruwa ne gaba, ruwa baya, babu tsibiri, babu alama, ba za ki san kin zo wurin ba sai dai in wani ya duba na'ura ya ce miki nan ne, kuma kafin ya rufe baki kun wuce. Ta ce a bayanki kuma ana kiɗa, ana rawa, yara suna tsalle cikin ruwan wanka. A babban kuwa, ba a barin fasinja su sauka inda ma'aikata suke kwana, amma tana iya rubuta wa kamfani ta roƙa, wani lokaci sukan yarda a shiga kicin da rakiya. Ba ta yi alkawari ba.

Ta ce, "In da ƙanwata ce ke, da na ce kada ki hau ko ɗaya bana. Amma ke ba ƙanwata ba ce, kuma na ga ba za ki ji ba."

Na ce ba zan ji ba.

Ta ce to ɗakuna suna ƙarewa, biza kuma tana cin lokaci, ta arewa ta fi wuya. Zuwa Alhamis take so ta ji. Ta ce in kawo fasfo, ta duba kada ya zama ya kusa mutuwa. Ta ce mutum ɗaya ko biyu?

Na ce ɗaya.

Ta riƙe mini ɗaki a kowanne. Mai baranda a ƙaramin, mai taga a babban.

Talata, bayan la'asar

Ruwan nake so. Na san babu abin gani. Ina so in tsaya a baranda in ga babu abin gani da idona.

Na sayo sabon yadin otal. Na auna, na sake aunawa, na ajiye almakashin ban yanka ba.

Laraba, da sassafe

Ƙarar firji ce ta tashe ni. Na fito na tarar ya haɗa shi, ya tura shi jikin bango, ya share ƙasan kicin, jaridun duk sun tafi. Yana zaune a kan kujerar roba yana sauraren injin. Ya sa kwalbar ruwa guda a ciki.

Na ɗora tukunya. Ya yi magana yana kallon firjin.

"Nas ta ce biyu ne. Wanda yake ciki, da wanda zai bi ta wurin."

Na ce haka ne.

"Wanne kika ɗauka?"

Na ce ruwan.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Yaron nan tun yana rarrafe ya san shagona. Ya san inda nake ajiye kowane sifana. Ni ban san ko tandarsa ta gas ce ko ta lantarki ba." Ya buɗe firjin, ya taɓa kwalbar, ya rufe. "Wannan ma'aunin garin, ban san yadda ake amfani da shi ba. Na juya shi, na juya shi."

Na ce Dogo ya ce shugaban kicin yana nan.

"To wurinsu za mu."

Na ce, "Ruwan fa?"

"Ruwan yana nan, Maman Nas. Mutanen ne za su watse."

Tukunyar ta tafasa, na sauke. Na zuba masa shayi, ya sha da zafinsa. Sai daga baya na ji cewa "za mu" ya ce.

Alhamis, da rana

Mun hau benen tare. Ya tsaya hutawa a tsakiyar matakala. Mai tikiti ta ba shi kujerarta mai taushi, ya ƙi, ya zauna a ta katako.

Na ce babban. Mutum biyu. Ta saki mai barandar, ina kallo ya ɓace daga kwamfutar. Ban ji komai ba.

Ya yi tambayoyi. Kwale-kwalen ceto nawa ne, suna isar kowa? Wa yake duba su? In wuta ta ɗauke a tsakiyar teku fa? Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaji ba. Ta ce za a ba mu ɗaki a tsakiya, ƙasa, inda ba a jin jijjiga. Ta ce mu nemi kayan sanyi masu kauri da takalmi mai rufi. Ya ce akwai rigar sanyi a gida. Na kalle shi, bai kalle ni ba.

Ta buɗe fasfo ɗinsa ta ce ya mutu tun bara. Sai an sabunta, kuma a yi sauri. Ta ce mu je a ɗauke shi hoto yau, farin bango, babu hula.

Alhamis, da yamma

Shagon mai hoton yana ƙarshen layi, kusa da mai fotokofi. Ɗaki ne ƙarami, da benci, da madubi, da wani matajin kai da kowa yake amfani da shi. Farin ƙyallen bangon ya yi datti daga ƙasa. Na zauna a benci. Maigida ya cire hula ya ba ni.

Mai hoton mutum ne mai fara'a, yana aiki yana surutu. "Baba, ɗago kai. Kaɗan. Kalli nan. Kada a yi murmushi, ba sa so." Ya ɗauka, ya duba, ya ce an rufe ido. Ya sake. Ya duba ya ce idon yana ƙyalli, ko hasken ne ya yi yawa? Ya rage fitila, ya sake. Ya ce har yanzu, za su iya ƙin karɓa, a ɗan goge.

Maigida bai ɗaga hannu ba. Na tashi na goge masa da bakin mayafina, na gyara masa wuyan riga, na koma na zauna. Aka ɗauka. Wannan ya yi.

Injin yana fitar da hotunan, mai hoton ya ce, "Tafiya za a yi ke nan, Baba?"

Maigida ya ce, "Wurin ɗanmu za mu. A jirgin ruwa yake aiki."

"Madalla. Kun haifa. A gaishe shi."

"Zai ji."

Ya karɓi ambulan ɗin ya sa a aljihu, ya karɓi hularsa daga hannuna ya sa. Ya kai bakin ƙofa ya juyo yana jirana.

Ni ce na kasa tashi daga bencin.